Shirun Ɗiyar Majemi: Nazarin Wani Wasan Kwaikwayo na Ɗalibai Mata a Sakkwato

A ƙarshen zangon karatu na uku, ɗaliban ajin ƙarshe na wata makarantar sakandare ta 'yan mata da nake koyar da Hausa a cikin birnin Sakkwato sun gabatar da wasan kwaikwayo a ranar rabon kyaututtuka. Wadda ta rubuta wasan yarinya ce 'yar shekara 17, kuma ni aka ɗora wa duba rubutun da kula da gwaji har zuwa ranar da aka hau dandamali. Wasan bai kai awa ɗaya ba, ba a buga shi ba, amma na ga ya cancanci a zauna a yi masa nazari na tsanaki, domin ya taɓo jigon da marubutanmu suka daɗe suna juyawa, wato saɓanin iyali tsakanin abin da aka gada da abin da zamani ya kawo, ya kuma bi da shi ta hanyar da ta saɓa wa yadda muka saba koya wa ɗalibai su karanta irin wannan labari.

Abin da muka saba yi a aji shi ne mu raba allo gida biyu, mu rubuta gargajiya a dama, zamani a hagu, sannan mu jera taurarin labari kowa a ɓangarensa: uba da kaka a dama, yarinya da malamarta a hagu. Wannan wasa ya ƙi shiga wannan rabo, kuma ƙin shigar tasa shi ne abin da nake son bayyanawa.

Labarin a taƙaice

Uban gidan majemi ne, ɗan kimanin shekara sittin, wanda ya gaji jima daga mahaifinsa. Yana da mata ɗaya, da ɗa namiji babba, da 'ya mace wadda ta gama sakandare ta kuma sami gurbin karatu a makarantar koyon aikin ungozoma. Mahaifiyarsa tsohuwa tana zaune a ɗakin da ke kusa da ƙofar shiga gida, kuma ita ungozoma ce ta gargajiya wadda tsufa ya sa ta ajiye aiki. Akwai kuma ƙanwarsa, gwaggon yarinyar, bazawara da ke zuwa gidan kusan kullum. Matsalar ita ce tun shekara biyu da suka wuce uban ya yi wa wani dillalin fatu alkawarin zai ba ɗansa auren yarinyar da zarar ta gama sakandare, kuma gidan dillalin sun aiko cewa ba su yarda amarya ta ci gaba da karatu ba. Takardar shiga makaranta da goron sa rana sun iso gidan a mako ɗaya. Wasan kashi uku ne, yana farawa da isowar takardar, yana ƙarewa a daren da ya kamata uban ya ba da amsa.

Rubutun farko da abin da ya same shi

Rubutun da yarinyar ta fara kawo mini ya bi sawun abin da ta saba karantawa da kallo. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da littattafan soyayya suka bunƙasa a Kano suka bazu zuwa sauran garuruwan Arewa, auren dole ya zama ɗaya daga cikin manyan jigogin ƙagaggen labarin Hausa, finafinai kuma suka ɗora daga nan. A cikin wannan zubi akan sami uba mai taurin kai, da 'ya mai kuka, da saurayi ɗan boko, da fitowa guda wadda a cikinta ake yin fito-na-fito. Haka ta rubuta. A kashi na biyu yarinyar labarin ta tsaya a gaban ubanta a zaure, ta ɗaga murya, ta yi jawabin da ya cika shafi guda a kan 'yancin mace da amfanin ilimi, uban kuma ya ɗaga hannu zai mare ta.

A ranar gwaji na farko, ɗalibar da aka ba matsayin 'yar ta karanta rabin jawabin sai ta tsaya, ta sunkuyar da kai, ta ce ba za ta iya ba. Na ɗauka haddar ce ta gagare ta. Sai ta ce, cikin ladabi, ita a gidansu ko ruwa za ta kai wa babanta sai ta durƙusa, kuma ba ta taɓa jin wata 'ya ta yi wa ubanta magana haka ba, ko a maƙwabta. Sauran ɗaliban suka goyi bayanta, har ita marubuciyar ta amsa cewa ita ma ba ta taɓa gani ba, a littafi kawai ta karanta. Daga wannan rana aka sake rubutun daga tushe, bisa sharaɗi ɗaya da ɗaliban suka gindaya wa kansu: ba za a sa wa kowa magana a baki ba sai irin wadda za a iya ji a gidajen Kanwuri ko Runjin Sambo ko Mabera. Duk ƙarfin da wasan ya samu daga baya, daga wannan sharaɗi ya fito.

Hanyar da magana take bi

Abu na farko da sabon rubutun ya gyara shi ne zubi. An raba dandamali biyu da zanen gado da aka rataya a igiya: gefe ɗaya zaure, ɗayan tsakar gida. Uban yana zaure mafi yawan lokaci, yarinyar tana tsakar gida, kuma a duk tsawon wasan sau ɗaya tak suka haɗu ido da ido. Saɓanin nasu yana nan da zafinsa, amma ba ya fitowa daga baki zuwa kunne kai tsaye. Yarinyar takan faɗa wa gwaggonta abin da ke ranta, gwaggon ta tace maganar ta kai wa tsohuwa, tsohuwar ta kira ɗanta ɗakinta bayan sallar isha ta faɗa masa kashi ɗaya cikin uku na abin da aka ce, shi kuma ya mayar da amsa ta bakin matarsa. Mai kallo yana jin maganar tun daga inda ta taso, saboda haka yana ganin abin da ya zube a hanya. Yarinyar ta ce wa gwaggonta ba ta son yaron ko kaɗan. Abin da ya isa kunnen uban shi ne yarinya tana roƙon a ɗaga biki har ta gama karatu. Uban ya ce wa matarsa zuciyarsa ba ta kwanta da auren ba amma ba shi da mafita. Abin da ya isa kunnen yarinyar shi ne Baba ya ce magana ta ƙare.

Wannan dabara ta fi jawabin fito-na-fito gaskiya, ta kuma fi shi ciwo, domin mai kallo ya san mutanen nan biyu sun fi kusa da juna fiye da yadda suke zato, alhali ba mai iya faɗa musu. Kunya ita ce katangar, kuma marubuciyar ba ta nuna ta a matsayin mugun abu ba. Ta nuna cewa kunyar da ta hana uban jin zafin maganar 'yarsa ita ce kuma ta hana shi furta kalmar da ba za ta janyu ba. Uwar yarinyar ma ba ta iya tsaya mata a fili, don kada a ce ta nuna son kai a kan abin da ta haifa, shi ya sa nauyin ya faɗa kan gwaggo, kamar yadda yake faɗawa a gidajenmu da yawa.

Uban

A nan ne nake ganin wasan ya fi zurfi, kuma a nan ne rabon allo gida biyu ya fara rushewa. Uban bai taɓa cewa boko haramun ne ba, bai kuma ce mace ba ta karatu ba. Shi ya sa yarinyar a firamare, shi ya biya kuɗin jarrabawarta ta fita sakandare da kuɗin fatun da ya jeme. Abin da ya ɗaure shi alkawari ne, alkawarin kuma bashi ne ya haife shi.

Jima sana'a ce mai daraja a tarihin wannan gari. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna tun zamanin fataken Sahara, waɗanda suke kai ta Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai ana kiranta fatar Maroko. Amma majemin yau yana cikin matsi. Ɗanyar fata mai kyau dillalai suna tara ta su tura wa manyan masana'antun jima na Kano, dukawan da suke sayen jemammiyar fata sun ragu saboda takalma da jakunkunan roba sun cika kasuwa, ƙaramin majemi kuma ba shi da jarin da zai yi gogayya da su. A cikin wasan, shekarar da jarin uban ya karye, dillalin nan ne ya riƙa ba shi fatu bashi har ya farfaɗo, bai taɓa tsayawa a ƙofar gidansa yana neman biya ba. Da dillalin ya nemi a haɗa zumunci da aure, uban bai ga fuskar cewa a'a ba.

Fitowar da ta bayyana wannan ita ce ta biyu a kashi na biyu. Uban yana zaune a zaure a kan buzu, ga ƙwarya cike da bagaruwa a gefensa yana tsince ƙwayoyin daga kwanson, ga wata jar fata a cinyarsa da aka rina da karan dafi. Ɗalibar da ta fito a matsayinsa ta sa babbar rigar kakanta, hannayen rigar suna sauko mata tana naɗe su a kafaɗa. Ƙanwarsa ta shigo ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, a duba lamarin yarinyag ga." Bai ɗago kai ba, ya ci gaba da murza fatar tsakanin tafukansa, can ya ce, "Magana ta hita bakina. Mutumen ga ya riƙe ni ran da kowa yas sake ni. Mi za ni ce mai?" Gwaggon ta yi shiru. Ya ƙara da cewa, "In nit tashe ta, wa ka sake ba ni amana cikin garin ga?"

Jimloli huɗu ne kawai, amma sun ɗauke shi daga sahun azzalumin uba na littafi sun mayar da shi mutum. Tsoronsa na zubewar mutunci ba girman kai ba ne kurum. A sana'ar da ake karɓar kaya ba tare da rubutu ba, maganar mutum ita ce jarinsa, kuma wanda aka sani da tashin magana ba zai sake samun fata bashi ba. Idan muka ce gargajiya ce ta hana yarinyar karatu, mun bar jaki muna dukan taiki, domin abin da ya tura uban cikin alkawarin shi ne sauyin kasuwa, wato zamanin da muke cewa yana gefen yarinyar. Na kuma lura da yadda marubuciyar ta yi amfani da fatar a matsayin alama ba tare da ta sa kowa ya fassara ta ba: duk lokacin da aka matsa wa uban da magana sai ya koma murzar fata, abin da ya san yadda ake tausasawa, ya bar abin da bai san yadda zai yi da shi ba.

Wan yarinyar

Mafi tsananin adawa da karatun ba daga tsofaffi ta fito ba. Wan yarinyar ne, mai takardar difloma, mai babbar waya a hannu, wanda kullum yake shigowa da labarin abin da ya gani a Facebook. Ya gama karatu bai sami aiki ba, ya koma haya da babur. Da gwaggonsa ta nemi ya sa baki, cewa ya yi, "Gwaggo, ni ga takardata nan cikin akwati shekara huɗu, kabu-kabu nika yi. Ita mi za ta samo wanda ban samo ba?" A wata fitowar kuma ya kawo hujjar cewa aikin asibiti yana sa mace kwana a waje da cuɗanya da maza, hujjar da ya ɗauko daga wani wa'azi da ya saurara a waya, ba daga bakin ubansa ko kakarsa ba.

Marubuciyar ba ta yi masa adalci sosai ba, ta bar shi da ɗaci fiye da kima, amma samuwarsa a wasan ta isa ta nuna cewa shiga aji ba ya mayar da mutum mai goyon bayan karatun ƙanwarsa, kuma wani lokaci wanda boko ya yi wa alkawari bai cika ba shi ne ya fi kowa gaba da shi.

Tsohuwa, da tambayar wace gargajiya

Kakar ita ce tauraruwar da 'yan kallo suka fi so, ni kuma ita ce ta fi sa ni tunani. Ta shekara arba'in tana karɓar haihuwa a unguwa. Tana da ƙorafi a kan asibiti, domin ta taɓa raka wata mai naƙuda aka tsayar da ita a bakin ƙofa aka yi mata magana kamar ba ta san komai ba, kuma wannan bai bar ranta ba. Duk da haka, da ta ji abin da jikarta take son karanta, sai ta kira ta ɗaki, ta buɗe wata tsohuwar fanteka ta fito da ƙullin tsumma, ta nuna mata zare da rezar da take aiki da su, ta ce, "Rabin ɗiyan unguwag ga ni niy yanke masu cibi. Amma akwai waɗanda jini yaɓ ɓalle ma, ina kallo, ba ni da abin yi. Ke tahi ki koyo abin da ban sani ba." Babu wanda ya yi tari a zauren taron lokacin da aka faɗi wannan.

A wurin tsohuwar, karatun jikarta gado ne. Sana'ar gidan ce ta ɓangaren mata za ta ci gaba da wasu kayan aiki, kamar yadda jima take sana'ar gidan ta ɓangaren maza. Saboda haka saɓanin da ke cikin gidan, idan aka duba da kyau, tsakanin gado biyu ne: amanar da uba ya ɗauka a kasuwa, da amanar da kaka take son miƙawa a ɗaki.

Wannan ya dace da Sakkwato fiye da kowane gari, kuma ina ganin duk mai nazarin irin wannan jigo a nan dole ne ya riƙe tarihin garin a zuciyarsa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1817, ya soki malaman zamaninsa a cikin littafinsa Nurul Albab saboda suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da almajirai a waje. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda take horar da mata shugabanni da ake kira jaji, ta ba su malfa, su koma ƙauyukansu su karantar da mata ta hanyar waƙoƙi. Mace mai fita neman ilimi don ta amfani wasu mata ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Ƙyamar da aka yi wa boko tana da nata dalili na daban: Turawan Ingila sun ci Sakkwato da yaƙi a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya yi shahada a Burmi a cikin wannan shekara, makarantar boko kuma ta shigo ne a bayan waɗanda suka yi wannan aiki. Iyayen da suka ɓoye 'ya'yansu a wancan lokaci suna gudun abin da mai mulkin mallaka ya kawo ne. Daga baya aka buɗe jami'a a garin a 1975, wadda aka sa wa sunan Shehu a 1988, aka kuma fara shirin ilimin firamare na bai-ɗaya a 1976, har karatun boko ya zama abin da majemi yake biya wa 'yarsa da guminsa. Idan ɗalibi ya rubuta a takardar jarrabawa cewa uba yana wakiltar gargajiya, tambayar da ya kamata a yi masa ita ce: wace daga ciki, ta Nana Asma'u, ko ta gudun Bature, ko ta riƙon alkawari a kasuwa? Wasan bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan sunaye ba, kuma ya yi daidai da bai ambata ba, amma tsohuwar da ke cikinsa daga wannan tushe ta fito.

Shirun

Ƙullin wasan yana kashi na uku, a haɗuwar nan guda ɗaya tak. Limamin unguwa ya shawarci uban da ya tambayi yarinyar da bakinsa kafin ya karɓi goro. A nan marubuciyar ta taɓo mas'alar da duk wanda ya yi karatun zaure ya sani: a mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a littafin fiƙihu na Risala, uba yana da ikon aurar da 'yarsa budurwa ba da izninta ba, in ya so kuma ya shawarce ta, sannan ga hadisin da ya inganta cewa ana neman iznin budurwa, kuma shirunta shi ne izninta. Uban ya kira ta zaure. Ta shigo ta durƙusa nesa da shi, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ya ce, "Kin ji abin da aka ciki. Mi kic ce?" Ba ta ce komai ba.

A rubuce, marubuciyar ta sa umarni cewa a yi shiru har a ƙirga talatin a zuci. A kan dandamali wannan lokaci ne mai tsawo ƙwarai. Uban ya san hukuncin shiru, ya san yana iya tashi ya ce ta yarda, kuma babu wanda zai ce ya saɓa wa littafi. Amma ya kuma ga hawaye yana ɗiga a kan tabarma, ya san wannan shirun ba na kunyar amarya ba ne. Ita ma ta san yadda za a iya fassara shirunta, amma tarbiyyar da shi ya ba ta ba ta bar mata hanyar cewa a'a a gabansa ba. Duk abin da jawabin shafi guda na rubutun farko ya so ya faɗa, wannan shiru ya faɗe shi, ya kuma ɗora wa uban nauyin da jawabin ba zai ɗora masa ba, domin da ta yi masa tsawa da ya sami dalilin fushi, yanzu kuwa ba shi da abin da zai fake da shi. Daga ƙarshe ya ce, "Tashi ki shiga gida." Ya ninke fatar da ke cinyarsa gida huɗu, ya sa takalmi, ya fita zuwa gidan dillalin, aka ja labule. Ba a nuna abin da ya je ya faɗa ba.

Harshe

Akwai wani zaɓi na harshe da ɗaliban suka yi wanda ya cancanci a ambata. Uba da kaka da gwaggo da wa duk Sakkwatanci suke yi, da su "mi" da "munka" da "wanga". Yarinyar kuwa, idan tana karanta takardar makaranta ko tana magana da ƙawarta, daidaitacciyar Hausa ta aji take yi, amma a ɗakin kakarta sai harshenta ya koma na gida. Ba a bayyana wannan da baki ba, kunne ne yake kama shi, kuma ya nuna cewa yarinyar tana da gida biyu a bakinta, ba ta bar ɗaya don ɗaya ba.

Inda wasan ya yi rauni

Ba zan ɓoye cewa akwai gurabe ba. Yaron da za a ba auren bai fito ko sau ɗaya ba, ba mu san ko shi ma tilasta masa aka yi ba, kuma rashinsa ya sa gidan dillalin ya zama duhu kawai wanda ake jin tsoro. Uwar yarinyar ta yi ƙaranci. Kunya ta hana ta magana a fili, amma ana iya ba ta fitowa ɗaya ita kaɗai da mijinta da dare, inda matan aure suke faɗin abin da ba sa faɗa da rana. Jawabin liman ya yi tsawo, ya koma wa'azi, har 'yan kallo suka fara motsi a kujeru. Waɗannan kurakurai ne na mai fara rubutu, kuma gyaransu ba shi da wuya.

Abin da ya raba kan malamai shi ne ƙarshen. Wasu abokan aikina sun so a ƙara fitowa ɗaya da za a ga yarinyar cikin fararen kayan aiki, uban yana sa mata albarka, domin a ganinsu wasan makaranta dole ne ya fito da darasi a fili ga iyayen da suka halarta. Na fahimci dalilinsu, domin a cikin waɗannan iyaye akwai masu irin wannan shawara a gabansu. Amma na tsaya a kan a bar shi yadda yake, marubuciyar ma haka ta so. Da an nuna ya janye alkawarin cikin sauƙi, da an ƙaryata duk abin da aka gina game da nauyin bashi da amana. Da an nuna ya aurar da ita, da an mayar da shi azzalumin da aka yi wahalar fitar da shi daga cikinsa. Tafiyarsa gidan dillalin da ƙafarsa, maimakon ya aika, ita ce iyakar abin da labarin ya mallaka da gaskiya.

Ranar wasan

An yi wasan da hantsi a zauren taron makaranta, ana zafi, fankoki biyu ne kawai suke aiki. Mata sun fi yawa a cikin 'yan kallo, maza suna jere a kujerun gaba. Da aka ja labule ba a tafa nan take ba, sai da aka ɗan jima. A bakin ƙofa na ji wasu mata biyu suna gardama, ɗaya tana cewa ya tafi ne ya ba da haƙuri, ɗayar tana cewa namiji irin wannan ba ya tashin magana, sai dai ya roƙi a bar ta ta yi karatun a ɗakin mijinta.

Bayan an watse, wani dattijo da ya zo saboda jikarsa ya nemi a kira masa wadda ta rubuta wasan. Hannayensa sun rine, farcensa ya yi baƙi irin na wanda ya daɗe yana aiki da ruwan bagaruwa. Yarinyar ta zo ta durƙusa ta gaishe shi. Bai ce mata komai game da auren ko karatun ba. Ya karɓi jar fatar daga hannun ɗalibar da ta fito a matsayin uban, ya shimfiɗa ta a gwiwarsa, ya ce majemi ba ya ninke fata gida huɗu kamar zane, domin ninkin yana barin sawu a fuskarta. Naɗe ta ake yi, fuskar tana ciki. Ya naɗe ta a hankali ya nuna musu, ya miƙa mata, ya ce idan za su sake yi a gyara wannan. Marubuciyar ta ɗauko biro ta rubuta gyaran a gefen shafin ƙarshe, a daidai inda uban yake tashi zai fita.